Ramin siminti da ya koma kurmi: tarihin Bamburi



Kowane buhun siminti da aka sauke ƙofar gidanmu ya bar rami a wani wuri. Haka kowace kamyo ta tsakuwa, haka kowace amalanke ta jar ƙasa. Garuruwanmu dama daga rami suka tashi. Ƙasar da aka gina ganuwar Birnin Damagaram da ita zamanin Sarki Tanimun, da ta soraye da zaurukan kakanninmu, duk tono ta aka yi, kuma da yawa cikin tabkunan tsofaffin unguwanni wuraren ɗibar ƙasar gini ne da ruwa ya gada. Girman ramin ne ya canza. Da diga da kwando ake yi, yanzu katafila ce. Kowa ya san kariyer da ke bayan garinsu: da damana ta cika da ruwa, yara su tafi wanka, wata shekara wani ya tafi bai dawo ba. Da rani kuma ta zama juji, iska na yawo da leda.

Yau tarihin wani rami irin wannan za mu ɗauko, can bakin tekun Indiya a ƙasar Kenya, wanda ya fi duk namu girma da muni, amma yanzu sai mutum ya biya kuɗi kafin ya shiga shan inuwa cikinsa.

Bamburi wuri ne a arewacin birnin Mombasa, kamar kilomita 12 daga tsakiyar gari, bisa hanyar Malindi. A 1951 Felix Mandl, na kamfanin Cementia da ke Zurich ta ƙasar Suwis, ya kafa kamfanin siminti a wurin. A 1954 aka fara fitar da kaya, tan 140,000 a shekara. Dutsen da ya kawo su ba irin baƙaƙen duwatsun Damagaram ba ne. Fari ne, tsohon ginin wasu ƙananan halittun teku dangin murjani da suka yi dubban shekaru suna tara ɓawonsu bisa na juna, daga baya teku ta janye ta bar shi a tudu. Shi ake ƙonawa a yi siminti. Yadda ake aikin kuwa, a kwashe ciyawa da ƴar ƙasar da ke sama, a yi ta yankan dutse ana yin ƙasa, har sai an kusa cim ma ruwa. Nan ake tsayawa, don ruwan zartsi ne saboda kusancin teku. Sai injuna su matsa gaba.

Abin da suke bari a baya, fili ne fari fat, mai tauri kamar daɓe, ba ƙasa ko ta cika tafin hannu. Rana ta buge shi ya maido zafin a fuska. Shekaru suka yi ta wucewa, ramin na ƙara faɗi, kuma ba a tsakiyar daji yake ba: yana kusa da bakin tekun da Kenya ke kiran baƙi ƴan yawon buɗe ido su zo su gani, ga birni na tahowa.

Mutumin da sunansa ya manne ma wurin, René Haller, ba don ramin aka ɗauke shi aiki ba. Ɗan Suwis ne, haifaffen 1933, ya koyi aikin lambu, ya zo Afirka a 1956 yana kula da gonar kofi a gindin dutsen Kilimanjaro. A 1959 kamfanin Bamburi ya kira shi ya noma ma ma'aikata kayan miya da ƴaƴan itace, ya kiwata kaji da tumaki, ya ɗan gyara harabar masana'anta. Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan kafin a 1971 a ba shi dama da ɗan kuɗi ya gwada ko wani abu zai tsira cikin ramin. Mu riƙe wannan: ranar da ya dasa icce na farko, ya riga ya san iskar wurin da ruwansa da mutanensa kamar ɗan gari.

Bai zaɓi icce ɗaya ya ce shi ne ba. Iri 26 ya dasa, a ramukan da aka fasa cikin dutse, ya ja da baya yana kallo. Cikin ƴan watanni kusan duk suka mutu, uku suka rage: kwakwa, da wani icce na Somaliya da Yaman da ake ce ma damas, da kuma kazuwarina, wanda masu jin Faransanci suka sani da filawo, shi ne aka jera a gaɓar Senegal tsakanin Dakar da Sanluwi don tare rairayi. Cikin ukun filawo ya fi nuna ƙarfin hali.

Dalilinsa na cikin saiwa. Manomanmu sun san gonar da aka yi wake ko gyaɗa tana yi ma hatsin baɗi kyau, sun kuma san yadda hatsi ke yi ƙarƙashin gawo. In ka tuge wake za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune ciki suna jawo abincin shuka daga iska. Filawo ma yana da nasa irin waɗannan baƙin a saiwa, shi ya sa yake tsayawa inda ba taki ko kaɗan. Ganyensa kuma siriri ne kamar tsintsiya, ba ya barin rana ta shanye masa ruwa, sannan zartsi bai dame shi ba. Icce ne da ya zo da guzurinsa.

To, itatuwa suka kama, suka miƙe, suka fara zubar da ganye. A nan aikin ya cije. Ganyen filawo ba ya ruɓewa da wuri. Yana ɗauke da irin sinadarin nan da ke cikin bagaruwa, wanda majemanmu na Maraɗi da Damagaram ke jime fata da shi don kada ta ruɓe. Sai ganyen ya yi ta taruwa bisa dutse kamar shimfiɗar tabarma, ya bushe, yana nan yadda ya faɗo. Daga nesa ka ga daji kore shar, ka shiga ciki ka tona da yatsa ka iske dutsen nan na jiya. Da an tsaya nan, da an samu gandun icce iri ɗaya wanda ranar da ya tsufa ya faɗi, ramin zai koma yadda yake. Mu kam mun san irin wannan gandu.

Abin da ya warware matsalar, ƙadandoniya ce. I, ita dai, wadda yara ke tsokana da kara ta naɗe. Haller ya lura da wata irinta a dazukan gaɓar, baƙa mai jajayen ƙafafu, tana cin busasshen ganyen filawo da sauran ƙwari suka ƙi. Ya sa aka tattaro ɗaruruwa aka sake su cikin ramin. Suka iske abinci tuli, babu mai gasa da su, babu kuma masu cinsu da yawa tukuna, suka yi ta hayayyafa. Ganyen da ya bi ta cikin ƙadandoniya yana fitowa a matsayin kashi mai laushi, wanda ƙananan halittun ƙasa ke iya ƙarasawa. Ta haka baƙar ƙasa ta fara kwanciya bisa farin dutse. Lissafin da aka bayar shi ne, bayan shekara 10 wasu itatuwan sun kai mita 30 a tsawo, amma sai bayan shekara 20 kaurin ƙasar ya kai kamar santimita 10. A duba tazarar da kyau. Icce ya wuce bene mai hawa da yawa, ƙasa kuwa ko taƙi ɗaya ba ta cika ba, kuma wannan ma ana ganin ta yi sauri.

Santimita goman nan ita ce ainihin abin da aka gina a Bamburi. Da ta samu, sai aka shiga rage filawo. Wasu iska ta kayar, wasu aka sare aka sayar a matsayin azara da itacen wuta. Duk inda haske ya shigo, a dasa iccen asalin dazukan gaɓar Kenya, waɗanda noma da gine-gine suka kusa ƙarar da su a waje. An shigo da iri sama da 180. Daga nan aiki ya fara fita hannun mutum: tsuntsaye da jemagu da birai suka riƙa cin ƴaƴan itace suna watsa iri inda suka ga dama, ɓaure da danginsa suka tsiro a wuraren da ba wanda ya dasa su. Filawo baƙo ne, an yi amfani da shi ya share fage, da ya gama aikinsa aka ba ƴan gida wuri. Mu a nan mun karɓi bedi hannu biyu, kuma ya yi mana rana, ba mai musu. Sai dai sau da yawa a kansa muke tsayawa, kamar wanda ya zuba harsashi ya ce ya gama gini.

Sai zancen kuɗi, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kamfani ba zai yi shekara talatin yana zuba dukiya cikin rami don Allah da Annabi ba, kuma Haller ya san haka. Ruwan zartsin da ya hana injuna ci gaba da haƙa, shi ya mayar jari. An tona tabkuna, an gina kwamaye, aka shiga kiwon gargaza ana sayarwa. Ragowar kifi da mushen gona aka riƙa ba kadoji, su ma kiwonsu ake. Ruwan da ya fito daga wurin kifi da ƙazantarsa a bi da shi ta fadamar shinkafa, ya ciyar da ita, ya tace, ya dawo. An kawo dorina, wadda kashinta ke ciyar da tabki, motsinta kuma ke hana shi cushewa. An kawo mariri da wasu manyan namun dawa dangin gwanki suna kiwo a ƙarƙashin itatuwa. A 1977 harkar ta yi girman da aka mayar da ita kamfani mai cin gashin kansa, Baobab Farm.

A 1984, shekara goma sha uku bayan dashen farko, aka buɗe ƙofa ga jama'a. A 1987 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Haller cikin waɗanda ta karrama da lambar Global 500, a 1999 kuma aka sa ma wurin sunansa, Haller Park. Mutane da yawa a duniya ta wata hanya daban suka san shi. Bayan ambaliyar teku ta Disamban 2004, an tsinci ɗan dorina shi kaɗai kusa da Malindi, aka kawo shi nan, aka sa masa suna Owen. Sai ya liƙe ma wani ƙaton kunkuru mai shekara fiye da ɗari da ake kira Mzee, wato tsoho da Suwahili, yana bin sa kamar uwa. Hotunansu sun zagaya duniya. Galibin masu kallon ba su san ƙasar da su biyun ke kwance a kai kashin ƙadandoniya ba ce.

Kada mu mayar da labarin tatsuniya. Kamfanin ya ci riba ta suna, kuma bai daina haƙa ba. Dajin da aka samu ƙarami ne in aka gwada da abin da gaɓar Kenya ta rasa. Sannan Allah ya ba Mombasa abin da bai ba mu ba: ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, damana biyu, ga ruwan ƙasa dab da saiwa. Tawa da Damagaram ba su cika wuce 400 ba, Maraɗi da Yamai 500 zuwa 600, duk cikin wata uku ko huɗu. Wanda ya ɗauko filawo da ƙadandoniyar Kenya ya kawo Malbaza, inda mu ma muke fasa farin dutse muna siminti tun shekarun 1960, asarar kuɗin mota kawai zai yi.

Akwai wata hanyar mayar da rami lambu, wadda ta girmi ta Bamburi da shekara ɗari, ita kuma ta masu hali ce. A arewa maso gabashin Paris akwai wani tudu da aka daɗe ana haƙar farin dutsen shafen bango a cikinsa. Sunansa ma, Chaumont, daga "tudu mai sanƙo" ya samo asali, don ba abin da ke tsira a kai. Da aka gama da dutsen sai wurin ya zama juji da mafeɗar mushen dawakai, talakawa na zaune kewaye da wari. Zamanin Napoleon na Uku, da Haussmann ke sake fasalin birnin, injiniya Alphand ya karɓi aikin a 1864. Ma'aikata kusan dubu, nakiya, ƙaramin layin dogo da aka shimfiɗa musamman, da ƙasar noma wajen mita kubik 200,000 da aka yi jigilarta daga wani wuri aka zuba. Ruwa ma da inji aka hau da shi. Ranar 1 ga Afrilun 1867 aka buɗe lambun Buttes-Chaumont, hekta kusan 25, kuma yana nan har gobe. Shekara uku kacal. Paris sayen ƙasa ta yi da baitulmalin daula, Bamburi kuwa renon ta ta yi. Babu ma'aikatar magajin garin da ke da aljihun Napoleon a ƙasar nan, don haka mun san wadda ta fi kusa da mu.

Kuma ba daga sifiri za mu tashi ba, sai dai a bambance abubuwa. Abin da duniya ta fi sanin mu da shi a wannan fanni shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi bayan Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da ake sassabewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa barin su suna gyarawa, har aka kai ga maganar hekta miliyan 5. Amma wannan dabara tana aiki ne inda saiwa ta rage. Cikin kariyer katafila ta tafi da kututture da saiwa da irin da ke kwance cikin ƙasa, ba abin da za a tayar. Darasin da ya dace da rami yana jihar Tawa, wurin masu fama da fako. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka gyara tassarsu: a fasa rami cikin fako, a zuba taki, a jira ruwa. Wa ke ƙarasa aikin? Gara. Takin ke jawo ta, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, ruwa ya bi ya nutse maimakon ya gudu. Abin da ƙadandoniya ta yi ma Haller, shi gara ke yi ma manomin Adar, ita da muke zagi kullum saboda azarar ɗaki. A Keita kuma, tun daga 1984, furojen da Italiya ta ɗauki nauyi ya nuna ana iya tsayar da icce bisa tsaunin dutse da ramuka masu tare ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Ga rabin wata da kowa ya iya yanzu. Ga bagaruwa, aduwa, magarya, ɗakwara, kandili, waɗanda ba sai an koya masu haƙurin ƙishirwa ba. Ramin ma kansa yana da wata fa'ida da fako ba ta da ita: duk ruwan kewaye cikinsa yake gangarawa. Ruwan da ke cin yara, in an kwantar da bangon ramin ya daina zama gaɓa mai tsayi, shi zai shayar da dashe har cikin rani.

Wani abu kuma ko sisi ba ya ci in an yi shi da wuri. Ƙasar saman nan da ake turewa ranar da za a buɗe kariyer, wadda Bamburi ta yi shekara ashirin tana neman santimita gomanta, ana iya tara ta gefe guda a ajiye har ranar da za a rufe. Dokokinmu na ma'adinai da na muhalli sun ɗora ma mai haƙa alhakin gyara wurin da ya ɓata. Amma ramukan bayan gari da yawa ba mutum ɗaya ya haƙa su ba. Wannan ɗan kwangila ya ɗiba ya yi hanya ya tafi, masu kamyo su biyo, masu amalanke su ƙarasa. Ranar da aka zo neman mai rami, sai a iske kowa ya ɗiba, ba wanda ya mallaka.

Dashe kam mun iya. Tun 1975, zamanin Janar Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa, kuma a Maraɗin nan aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a 1984. Shekara nawa ke nan ana dasawa? A je a ƙidaya waɗanda suka ga damana ta uku. Manya su zo da farar riga, a dasa, a zuba ruwa, a ɗauki hoto. Bayan sati biyu giriyaji ya yi ƙafa, awaki su yi sallah. Inda dashen ya kama ma, wata barazanar na jira. Gandun bedin da aka fara yi ma Yamai ɗamara da shi a 1965, wanda ake kira Ceinture Verte, an tsara shi bisa hekta 2,500. Itatuwan sun girma. Birni ne ya iso, fili ya yi tsada, aka yi ta yanka ana gini, ana zuba shara. Ramin da yau ba mai so, ranar da ya yi inuwa ya daidaita, masu takarda za su fito ta ko'ina. Dajin Bamburi ya tsira daga wannan don yana da mai shi guda ɗaya da aka sani, yana da shinge da ƙofa, yana da ma'aikatan da abincinsu ke fitowa daga cikinsa, kuma mutumin da ya fara shi ya zauna kansa shekaru da dama bai tafi ba.

Yanzu Mombasa ta riga ta iso Bamburi ta wuce. Gidaje da otal-otal da shaguna sun kewaye wurin. Motocin ƴan makaranta na zuwa, yara na miƙa ma raƙumin dawa abinci a tafin hannu. A wani tsohon ramin da ke arewa an fitar da hanyoyi cikin itatuwa, mutanen gari na zuwa gudu da tuƙa keke. Kamfanin kansa ya sha canza hannu: ya zauna ƙarƙashin Lafarge ta Faransa, ya koma Holcim, a ƙarshen 2024 kuma Amsons ta Tanzaniya ta saye shi. Masana'antar na nan gefen dajin tana ƙona dutse, manyan motoci na fita da siminti.